Hoton da Farfesa Ya Ce Bai Fito Ba

Sendai, 9 ga Janairu

Yaya Genta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama kuna lafiya.

Ka san shekara tara ke nan ina bin furotin ɗin nan da ke fatar ƙwayar halitta, mai shigar da gishiri yana fitarwa. Makon jiya hotonsa ya fito a madubin duba ƙananan halittu. Yaya, sam ba yadda Farfesa Kuramochi, shugaban ɗakin gwajinmu, ya shekara ashirin yana koyarwa yake ba. Na kai masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Michiru, wannan hoton bai fito ba. Kin gane ko?"

Kwantiragina zai ƙare a Maris, kuma sai da sa hannunsa za a sabunta. Shekarata arba'in da ɗaya. Ina zan nufa?

Ƙanwarka,
Michiru

Morioka, 15 ga Janairu

Michiru,

Muna lafiya, Mama na gaishe ki. Ni dai waken suya na sani, Malama mai madubi. Amma in awara ta yi tsami ba na sayarwa, ko hannun wa ya dafa ta. In sun kore ki, ɗakinki na nan, sai dai ki kwashe buhunan da na jibge.

Genta

Sendai, 2 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Na aika wa mujallar kimiyya sakamakon. Tun ranar Farfesa bai ƙara kallona ba, ɗaliban da na koyar kuwa in sun hango ni sai su sake hanya. Wurare sha ɗaya na nemi aiki, shiru.

An ce in kwashe kwalaben gwajina daga firiza kafin Juma'a, ko a zubar. In suka narke, ba ni da sauran shaida. Wata farfesa a Fukuoka ta ce za ta sake gwadawa in na kai su a daskare, amma ba ta yi alkawarin aiki ba. Masu dako sun ƙi ɗauka sai da takardar Farfesa.

Kada ka gaya wa Mama. Ka huta lafiya.

Michiru

Morioka, 4 ga Maris

Michiru,

Mama ce ta buɗe wasiƙar. Ta sa na rufe shago, na cika motar awarata da busasshiyar ƙanƙara, irin wadda ba ta zama ruwa, don kwalabenki. Alhamis da hantsi ina bakin ƙofarku. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganin Fukuoka ba, don haka ke ce a kujerar tsakiya.

Genta