Ki Kai Ƙara, Manar

Ka'akiyya, Makka.

Zuwa ga ƙanwata Manar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi a jiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi dama, har ta koma zuwa Harami ranar Juma'a, Ikram ɗina kuma ta shiga jami'a.

Na karanta saƙonki sau uku. Kin ce kin je asibitin unguwarku can Kanada saboda ciwon sukarinki, ma'aikaciyar ta ga tsohon sunanki a takarda, ta ƙwala miki kira da Marwan a gaban jama'a, ta ce ba sa duba irinku. Kika koma gida ba allura. Wallahi da na zo nan sai da na ajiye wayar.

Kin kuma ce maƙwabciyarki ta shaida miki dokar ƙasar ta hana a kori mutum daga asibiti ko ofishin gwamnati don an haife shi namiji yana rayuwa a mace, har akwai hukumar da ake kai ƙara, amma kina jin nauyi. Manar, ki je. Kin manta shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ke kwana tara a ɗakina, kika ƙi zuwa mustashfa, wato asibiti, don tsoron a kai rahotonki ga hukuma? Tsumma nake jiƙawa ina ɗora miki a goshi, ba ni da inda zan kai kuka. Ke yanzu kina da shi. Ba zan ce na fahimci duk abin da ke ranki ba, tambayoyin da Kawu Mahadi yake yi min a kanki ma na kasa amsa su, amma na san ciwon sukari ba ya jira.

Jiya muna tsince shinkafa na gaya wa Umma. Na zaci za ta yi fushi, don shekara huɗu ke nan ba ta taɓa furta sabon sunanki ba. Amma sai ta ture farantin, ta ce in rubuta cewa ita ta haife ki, ba ta yarda a kore ki daga ko'ina ba, Manar ta je ta kai ƙara. Haka ta faɗa, da sunan. Na ce ta maimaita, ta ce na cika fitina.

Ki gaishe min da maƙwabciyar nan taki, Allah ya saka mata. 'Yar'uwarmu Haifa da yaranta suna gaishe ki. Yaya Sabo kuwa shi ya ce zai kai takardar gidan waya da kansa.

Yayarki mai ƙaunarki,
Ummulkhairi