Kukar Inna a Runka

Alhamis, 8 ga Rabi'us Sani, 1290
Wata uku ke nan da muka baro Ruma saboda mahara. Inna har yau fushi take. Wai Runka ba gari ba ne, ko miya sai an roƙa. Ta ce in ba ta ga kuka a ƙofar gidanmu ba, ƙafarta ƙafar Ruma, ko za a kama ta. Na san za ta iya. Na shuka 'ya'yan kuka bakwai.

Asabar, 24 ga Rabi'us Sani
Shiru. Ko ɗaya.

Lahadi, 25 ga Rabi'us Sani
Armaya'u maƙwabcinmu ya yi mini dariya. "Malam, karatu ka sani, ba kuka ba. Goga su ga dutse, su kwana cikin ruwa." Na ce na ji. Sai da ya tafi garke na tono su na goga, ban so ya gani ba.

Juma'a, 15 ga Jimada Awwal
Uku sun tsiro! Alhamdu lillahi. Na kira Inna, ta leƙa ta ce, "Wannan ai ciyawa ce." Oho. Na kewaye su da ƙaya.

Lahadi, 8 ga Zulƙida
Akuyar Armaya'u ta cinye biyu, don haka ba ma magana. Ta ukun ta zubar da ganye, tsinke kawai. Haka kuka take yi da rani, na sani, amma wannan jaririya ce. Inna ta fara tambayar ranar da fatake za su bi ta Ruma. Tsoro nake ji.

Talata, 26 ga Safar, 1291
Gindin tsinken a jiƙe kullum da safe, kuma ba ni na zuba ba. Yau na ga Inna tana alwala a wurin. Ta ce wai nan ne bai da tururuwa.

Litinin, 15 ga Rabi'us Sani
Ta toho! Ganye shar, har ta wuce gwiwata. Na je da kaina na jawo Armaya'u ya gani.

Talata, 8 ga Jimada Awwal
Inna ta tsinke mini ganye biyar ta jefa a miya. Na yi faɗa, ta ce ita ta shayar da ita. Sannan ta ce a aika Ruma a ɗauko mata dutsen niƙanta. Da la'asar wani bafatake ya tambaye ni mutumin ina ne, na ce Runka. Bakina ne ya suɓuce.