Sanarwar da Ba ta Iso Deule ba

Zuwa ga mai girma shugaban jami'ar da ƴata take karatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Sunana Abdu, tela ne ni a Deule, cikin Buza. Na zo ofishinka har ƙafata ta gaji, kullum sai a ce kana taro. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani. Ba don rashin kunya ba ne, ranka ya daɗe, dabara ce ta ƙare mini.

Na farko. Ƴata Zali tana shekarar ƙarshe ta lisansi, wato digirin farko. Darasi ɗaya ya kayar da ita, aka ce za ta sake rubuta shi a zagaye na biyu, wanda kuke kira ratirapaj, bayan an gama girbi. Ta dawo gida da damina ta kama wa uwarta noma, kamar duk ɗan ƙauyen da ke karatu a wurinku. Da rana tana gona, da yamma tana bitar littafinta. Ashe an matso da jarrabawar tun gero bai fitar da kai ba, an sa sanarwa a intanet. Mu a nan, in mutum yana son rezo, wato sabis na waya, sai ya hau tudun bayan gari ya ɗaga waya sama, kuma ba kullum ake dace ba. Da ta koma, aka ce an yi an gama, sunanta yana cikin waɗanda ba su zo ba. Ta taɓa maimaita aji shekarar da ta yi jinya, doka kuwa ta ce ba a maimaitawa sau biyu. Kora ke nan.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. A da hakan ba ta faruwa, saboda akwai Malam Sanda a ofishin rajistar ɗalibai. Ban san ko ka san shi ba. Dattijo ne mai faɗa, ni kaina ya taɓa kora ta waje don na shiga ban bi layi ba. Amma duk ɗalibin da ya zo gabansa sai ya tambaye shi garinsu da kasuwar da suke ci. In aka canja ranar wani abu lokacin hutu, sai ya kira kamashon tashar Madawa, ko ta Buza, ko ta Keita, ya ba da saƙo. Kamasho ya gaya wa direban da zai shiga ƙauye ranar kasuwa, direba ya gaya wa mai shayi, kafin la'asar magana ta iso gida. Bara haka saƙonsa ya same ni a bakin keken ɗinkina. Babu wanda ya sa shi wannan aiki, ban kuma ji an taɓa gode masa ba.

Bana da na je nemansa, sai na tarar an mayar da shi ɗakin ajiyar kujeru, wai aikin rajista ya koma na zamani. Na same shi zaune shi kaɗai. Da na gaya masa abin da ya sami Zali, sai ya ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Yaran da aka sa a kujerarsa ba ni da ƙorafi a kansu, sun yi abin da aka ce su yi. Sai dai ba su san akwai garin da saƙon waya ba ya shiga ba.

Na uku gajere ne. Na san malamai su ne jami'a. Amma ɗana ko ƴata ba za su kai gaban malami ba sai wani a ofis ya damu da su isa.

Roƙona biyu ne. A ba Zali, da duk wanda damina ta rutsa da shi a gona, damar rubuta wannan darasi. In ta faɗi, ta faɗi da hannunta, zan karɓa. Sannan a mayar da Malam Sanda inda yake da amfani, ko a sa shi ya koya wa na bayansa yadda yake yi kafin ya tafi hutawa.

Na gaji, ranka ya daɗe, kuma na fara jin tsoro. Zali ba ta yi kuka ba, ba ta ce a je a yi faɗa ba. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta kai nan. Shekaranjiya na ga ta zazzage jakar makarantarta, ta wanke ta, ta miƙa wa ƙanwarta. Na karɓe jakar na rataye a shagona, na ce mata a jira amsarka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam.

Abdu tela, Deule.