Doyar Kaka Ndumba a Hayin Rafi

Lomie, 6 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga ƙawata Odile,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Duwala, yaya gwaggonki, yaya koyon ɗinki? Ina fata allura ta daina cin yatsunki. Ni ma lafiya lau, sai kewar gida.

Jiya a aji malamin tarihi ya ba mu labarin manoman farko, yadda suka shigo kurmi da gatari da irin shuka, suka tarar da mafarauta. Mafarautan suka nuna musu ruwa da hanya, su kuma suka ba su ƙarfe. Da ya ce daga baya gona ta haɗiye daji, sai duk aji suka juyo suna kallona, don ni kaɗai ce 'yar Baka, ƙabilar mafarautan kurmi. Na sunkuyar da kai har aka buga ƙararrawa.

Ni dai madafin mamanki na tuna. Kin tuna yadda nake biyo Kaka Ndumba da zuma a ƙunshin ganye, mamanki ta ba mu ayaba da gishiri, mu biyu mu ɓuya bayan murhu muna lasar ganyen? Kakanki da kakana rana ɗaya aka yi musu kaciya, shi ya sa har yau gidanmu ba ya kai nama ko'ina sai gidanku.

Ina jin nauyin abin da zan faɗa. Kawuna ya zo kasuwa, ya ce babanki, Baba Mekok, ya sa alama a itatuwan hayin rafi, zai sare wurin da rani ya shuka koko. Odile, a can doyar Kaka take. Ita ba za ta yi magana ba. Kin san mutanenmu, in babanki ya faɗi abu sai su ce "to", gobe kuma a wayi gari sun shige daji. Ke yake jin maganarki. Don Allah ki rubuta masa.

Ki gaishe da gwaggo.

Taki,
Awuma

Lomie, 3 ga Disamba, 1994

Ƙawata Odile,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da kika aika wa Baba. Ban ji haushin amsarsa ba. Ya ce, "Gona a ina? Ba kututture, ba kunya, ba iyaka. Yaushe Baka suka fara noma?" Gaskiyarsa ce a idonsa, don ku sai an sare an ƙone kuke cewa wuri yana da mai shi.

Amma ke kin gani da idonki. Muna shekara tara muka bi Kaka hayi. Ta haƙa rami mai zurfi da daginta na itace, ta ciro doyar, ta yanke kan, ta mayar da shi ramin, ta rufe da ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen ganye don ya sake yin wata. Ke kuma da kika haƙo taki, sai kika jefa har kan cikin wuta. Ta kore mu da reshe tana cewa, "'Yar manoma mai cin iri! A gidanku haka kuke cinye uwar ayaba?" Muka yi ta dariya har kika faɗa cikin tururuwa. Da daddare kuma ita ta shafa miki magani.

Kowace doya a wurin da mai ita, kuma ana gadonta. Akwai wadda ta girmi babanki. Tawa tana ƙasa kusa da ruwa, Kaka ta ba ni ita ranar da aka fiƙe mini haƙora, don in daina kuka.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. A jarrabawar makon jiya an tambayi bambancin manoma da mafarauta, na rubuta cewa mafarauta ba sa shuka komai. Na san ba haka ba ne, amma shi ke cikin littafi. An ba ni maki cikakke, kuma tun ranar ba na son ganin takardar.

Kin ce in na je hutun Kirsimeti in yi masa magana da kaina. Ni da ko a aji muryata ba ta kai allo? Ban taɓa hawa barandarku ba in yana zaune. Ki sa ni a addu'a.

Taki kullum,
Awuma

Lomie, 12 ga Janairu, 1995

Odile 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da sabuwar shekara. Mamanki lafiya, ta ce ki rage yaji. Na dawo makaranta shekaranjiya.

Na je. Kwana biyu ina zagaya gidanku kafin na iya tsayawa gabansa, lokacin kuwa an riga an fara saran. Ya dube ni ya ce, "'Yar boko ta zo koya mini noma?" Abin da na shirya duk ya gudu. Na ce kawai, "Baba, ka zo ka gani." Ya yi dariya, amma ya ɗauki addarsa.

Kaka ce a gaba har muka haye rafi. Ƙasan wurin ya zama fili, rana tana dukan ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ba. Masu saran duk mutanenmu ne, har da babana. Da muka shiga inda ba a taɓa ba, sai ta fara kama 'yan siraran igiyoyin doyar da suka hau itatuwa tana kiran sunaye. "Wannan ta wance ce, ta rasu. Wannan tawa. Wannan ta ƙanwata." Sannan ta tsaya ta ce, "Wannan ta uwarka ce, Mekok."

Ta ce masa shekarar da iska ta kwantar da ayabar garinku, yana goye, uwar Kaka ce ta kawo uwarsa nan ta ba ta wannan. Tun da kakarki ta rasu Kaka ke haƙa ta duk rani tana kai wa madafinku. "Ka zaci daga sama take faɗowa? Ƙaton ciki, ba tambaya!"

Odile, na zaci zai yi faɗa. Sai ya durƙusa, ya tura hannu a gindin, hannun ya nutse har gwiwa cikin ƙasa mai laushi. Manomi ne, ya san ƙasar da hannu ya sha juyawa. Ya ce, "Mama, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Ka tambaya?"

A ranar ya sa aka tsayar da gatari. Daga babban dutse zuwa sama an bar wa Kaka. Na ƙasa sun tafi, guda goma sha bakwai, har da tawa. Babana ne ya kayar da itacen da take hawa. Ya san tawa ce. Har na taho bai iya haɗa ido da ni ba.

Baba Mekok ya gaya mana gaskiya, ya ce shi ya gani, amma yayyenki da za su gaji wurin ba su gani ba, kuma ba za su bar daji don abin da ba mai iya nunawa ba. Kaka kaɗai ta san su duka, ga idonta ya fara hazo. Sista, shugabar makarantarmu, ta so in zauna babban hutu don shirin jarrabawa, amma na roƙe ta, gida zan je in bi Kaka har in haddace su.

Ki roƙi gwaggo ta sake ki ko mako biyu ne. Kada ki zo da takalman birni. Kaka ta ce in gaya miki hannunta ya gaji da haƙa wa gidanku. Doyar kakarki tana nan da ranta, kuma ke ta zaɓa ki karɓe ta.

Taki har abada,
Awuma