Shinkafar Baba da Wasan Asabar

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ina fatan ƙafar Anti Hajara ta yi sauƙi. Mu nan Haɗeja lafiya, sai dai gida ba daɗi.

Ƙungiyar ƙwallon su ƙaninmu Habibu saura wasa ɗaya. In suka ci ranar Asabar, sun bar rukuni na biyu, sun hau na ɗaya. Ga shi ruwa ya fara shiga gonarmu ta Guri. Baba ya ce ranar kowa zai shiga kwalekwale a yanko shinkafa.

Habibu ya ce, "Baba, ba su da wani gola."

Baba ya ce, "Mu ma ba mu da wata shinkafar." Ya kulle takalman ƙwallon Habibu a ɗaki.

Don Allah ka kira Baba, kai yake ji. Ka gaida yara, ka roƙa mana Allah ruwan nan ya dakata zuwa Lahadi.

Ƙanwarka,
Binta