Takardar da Nake Dakawa a Turmi

Yaya Hadiza, gaisuwa mai yawa. Yaya Kumasi, yaya maigida da yara? Mu nan Fagge lafiya lau.

Takardar nan da ke hannunki ni na haɗa ta. Ragowar takardu nake samowa wurin wani mai ɗab'i a Sabon Gari, in jiƙa, in daka, in shanya, in yi katin barka da salla da 'yan littattafai.

Da fari Baba faɗa ya yi: "Tela guda da dakan shara?" Jiya kuwa ya ce, "Sani, ɗinka min ɗaya, in rubuta muku sunayen kakanninmu na Barno tun ina tunawa." Yau ya fara.

Ki gaida kowa. Ki taya mu addu'a, Allah ya ja kwanansa ya gama.

Ƙaninki,
Sani