Kalmar da Ka Aiko Mini Rabi

Assalamu alaikum ƙanena Nuraini. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya kare ku daga sanyin Amurka. Mu nan Gashuwa alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa masallacin Juma'a.

Na ji saƙon muryarka na shekaranjiya, shi ne ma dalilin takardar nan. Ka tuna bara ka ce a can akwai wata kalma, shumuz, wato hirar da mutum yake yi da babba cikin raha don ya samu shiga? Ka ce in je in yi wa Alhaji Abbo na Nguru ita, tunda shi ke da motocin da ke kai bandar kifi Anacha. Na yi dariya, na ce ashe abin da nake yi a kasuwa shekara ashirin har suna gare shi. To na je. Wata bakwai duk Talata ina rumfarsa, ina shan shayinsa, ina ba shi dariya. Shi kuwa ba ya cewa komai sai to, sai ikon Allah, sai ya ce in ci gaba. Ni kuma bakin nan nawa ka san shi. Na gaya masa ƙauyen masuntan da nake ɗaukar kifi a wurinsu, da sunan babbansu, da cewa sun fi son a kawo musu sabuwar komar kamun kifi kafin ruwa ya janye. Makon jiya na isa bakin ruwa da kwalayena, na tarar da motar Alhaji Abbo an gama lodi. Babban nasu, wanda na halarci sunan 'ya'yansa uku, ya ƙi haɗa ido da ni.

Sai yanzu kake gaya mini wai ka bincika, kalmar daga Yidish ta fito, yaren Yahudawan Turai, su kuma daga Ibrananci, asalinta abin da aka ji, 'yar'uwar sami'a ta Larabci da muke faɗa kullum a salla. Ji, Nuraini, ba faɗa ba! Ka aiko mini da bakin kalma, ka riƙe kunnenta shekara guda. Ashe ni shayi na sha, Alhaji ne ya yi shumuz.

Jiya ya aiko wai yana neman mai tsaya masa a kan lodi, wanda masuntan suka sani. Na ce zan yi shawara. Babu wata shawara, yara biyar gare ni, ranar Talata zan fara. Kada ka gaya wa Inna, har yanzu tana cewa ɗanta ba ya yi wa kowa yaro.

Matata Rahima tana gaishe ku. Ka gaida matarka Mas'uda da Yunusa ƙarami. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Yaya Hammadu